SANKARAR FATAR KAI DA YADDA AKE CIRE TA TA HANYAR TIYATA

Gabatarwa

Akwai wani wuri a jikin ɗan Adam wanda kowa ke iya gani ban da mai shi, watau tsakar kansa. Namiji ya rufe shi da hula ko rawani, mace kuma ta rufe da kitso da ɗankwali. Saboda haka miki yakan yi wata da watanni a fatar kai, wani lokaci har shekara, ba wanda ya dube shi da idon basira. Yawancin ƙuraje da miyakun da ke fitowa a ka ba abin tsoro ba ne, da an sa magani sai su warke. Amma akwai wani irin miki wanda ba ya jin magani, kullum sai faɗi yake yi yana cin nama. Irin wannan yana iya zama sankara, wadda jama'a suka fi sani da sunan ciwon daji.

Manufar wannan ɗan littafi ita ce bayyana wa jama'a abu guda: sankarar fatar kai tana warkewa, kuma babban maganinta shi ne likita ya yanke ta ya fitar tun tana ƙarama. Aikin da za a gama cikin sa'a guda a yau, idan aka yi sakaci yana iya zama aikin yini guda wanda zai taɓa ƙashi da ƙwaƙwalwa.

Yadda Fatar Kai Take

Kafin a fahimci aikin likita, wajibi ne a san yadda aka halicci wurin. Abin da ke lulluɓe da ƙoƙon kai hawa 5 ne. Na farko shi ne fatar da gashi ke tsirowa a kanta. Na biyu kitse ne mai tauri wanda ke cike da jijiyoyin jini, shi ya sa ɗan rauni kaɗan a ka yakan zubar da jini mai yawa, shi ya sa kuma yakan warke da sauri. Na uku wani shimfiɗaɗɗen abu ne mai ƙarfi kamar ƙirgi, wanda ya tashi daga goshi har zuwa ƙeya. Na huɗu sako-sako ne, shi ke sa fatar kai ta riƙa motsi in an murza ta da hannu. Na biyar kuwa wani tantani ne da ke manne da ƙashi, yana ciyar da shi. Duka-duka kaurinsu bai cika wuce santimita 1 ba. A ƙarƙashinsu sai ƙoƙon kai, wanda shi ma ɓari biyu ne, na waje da na ciki. Daga nan sai tantanin ƙwaƙwalwa.

Darasi biyu ke cikin wannan bayani. Na ɗaya, tafiyar da ke tsakanin fata da ƙashi gajeriya ce ƙwarai. Hawa na uku yakan tare sankara na ɗan lokaci, amma da zarar ta huda shi ta shiga sako-sakon nan, sai ta bazu gefe da gefe, ta kuma kama ƙashi. Na biyu, fatar kai ba ta miƙewa kamar fatar ciki ko ta cinya. Idan aka yanke wuri mai faɗi, jawo bakin fatar a ɗinke ba ya yiwuwa, sai an nemi wata dabara.

Ire-iren Sankarar

Manyan ire-iren sankarar fata 3 ne.

1. Wadda ke tasowa daga saman fata, likitoci suna kiranta sukwamos. Ita ce aka fi samu a tsakanin baƙar fata da kuma zabaya. Takan fito kamar gyambo mai tudu a baki, ko kuwa tsiron nama mai kaushi da ke zubar da jini in an taɓa. Tana da saurin girma, kuma tana iya bin hanyoyin ruwan jiki ta sauka a wuya.

2. Wadda ke tasowa daga gindin fata, ana kiranta basal. Ita ce ta fi yawa a tsakanin Turawa. Tana girma a hankali, kuma da wuya ta tafi wani sashe na jiki, amma in an bar ta sai ta yi ta cin wurin har ta huda ƙashi.

3. Baƙar sankara, watau melanoma, wadda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ita ce ta fi haɗari, domin tana saurin yaɗuwa. A jikin baƙar fata an fi samunta a tafin ƙafa, amma takan fito a ka, musamman ga masu hasken fata.

Ban da waɗannan akwai wasu da ba a cika samu ba, waɗanda ke fitowa kamar ƙari mai tauri. Ido kaɗai ba ya rarrabe su, ko da na likita ne, sai an yi awo.

Su Wa Ta Fi Kamawa?

Na farko su ne zabaya. Fatar zabiya ba ta da sinadarin launi wanda ke kare sauran mutane daga zafin hasken rana, ga shi kuwa kai da wuya da kunnuwa su ne rana ta fi duka. A shekarar 1975, Likita A. N. Okoro ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan zabaya 1,000 a Nijeriya, inda ya nuna irin ɓarnar da rana ke yi wa fatarsu tun suna da ƙuruciya. Haka kuma a shekarar 1993 likitocin tiyata na asibitin koyarwa na Zariya sun ba da rahoton cewa yawancin sankarar da suka gani a jikin zabaya irin ta saman fata ce, kuma a kai da wuya ta fi fitowa.

Na biyu su ne masu tsohon tabon ƙuna ko tsohon gyambo. Yaro yakan faɗa murhu yana rarrafe, ko mai farfaɗiya ya faɗi cikin wuta, ko kananzir ya kama kan mutum. Wurin ya warke ya bar tabo mai sulɓi wanda gashi ba ya fitowa. Bayan shekara 20 ko 30, wani lokaci ƙasa da haka, sai tabon ya tsage, ya ƙi rufewa. Irin wannan miki ana kiransa da sunan wani likitan Faransa, Jean-Nicolas Marjolin, wanda ya yi rubutu a kan miyakun tabo a shekarar 1828. Sankarar da ta fito daga tabo ta fi sauran zafin nama, saboda haka ba a yi mata jinkiri.

Na uku su ne masu sanƙo da tsofaffi, musamman masu hasken fata waɗanda suka yi shekaru suna noma ko kiwo ko su cikin rana ba hula. Na huɗu su ne waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, kamar masu cutar ƙanjamau da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda.

Alamun da Za a Lura da Su

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan a kansa, ko a kan wani nasa, lalle ne ya nufi asibiti:

1. Miki ko ƙurji wanda ya yi sati 4 bai warke ba, ko wanda yakan yi ɓawo ya bushe, sa'an nan ya sake buɗewa.
2. Wurin da ke zubar da jini duk lokacin da aka yi aski, ko kitso, ko aka sa mataji.
3. Tsohon tabo wanda ya tsage, ko ya yi tudu, ko ya soma wari.
4. Tsiro ko ƙari wanda ke ƙara girma.
5. Baƙin ɗigo wanda ya canja launi ko kama, ko bakinsa ya zama ba daidai ba.
6. Kaluluwa mai tauri a gaban kunne, ko bayan kunne, ko ƙeya, ko wuya, wadda ta ƙi sacewa.

A lura da kyau, sankarar fata ba ta cika yin zafi ba a farkonta. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane, su ce ai da mugun abu ne da ya hana su barci. Sau da yawa kafin zafi ya zo ta riga ta yi nisa.

Yadda Ake Tabbatarwa

Idan mara lafiya ya isa asibiti, likita zai tambaye shi tun yaushe mikin ya fito, ya auna faɗinsa, ya motsa shi don ya ji ko ya manne da ƙashi, sa'an nan ya lalubi wuya da bayan kunne. Daga nan sai a yi allurar kashe zafi a wurin, a gutsuri ɗan nama wanda bai fi ƙwayar wake ba, a aika ɗakin awo. Can wani likita na musamman zai yanka shi siriri, ya rina shi, ya duba da madubin likita. Shi ne zai faɗi ko sankara ce, da irinta. Sakamakon yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci sati biyu ko fiye. Wajibi ne a koma a karɓa, kada a ce tunda an ɗinke wurin magana ta ƙare.

Idan mikin babba ne, ko ya manne da ƙashi, akan ɗauki hoton kai da na'urar siti sikan, wadda ke nuna ko ƙoƙon kai ya taɓu. Akan kuma ɗauki hoton wuya da na ƙirji, domin a san ko cutar ta yi gaba.

Shiri Kafin Aiki

Za a auna jini a ga ko ya isa, a duba hawan jini da ciwon sukari. Mara lafiya ya faɗa wa likita duk maganin da yake sha, har da na gargajiya, musamman asfirin da sauran magungunan tsinka jini. Mai shan taba ya daina tun kafin aikin, domin hayaƙin taba yana tsuke jijiyoyin jini, ya hana fatar da aka dasa kamawa. Idan babban aiki ne akan nemi dangi su ba da jini a ajiye, saboda fatar kai tana da yawan jini. Wanda za a sa barci ba ya cin abinci na aƙalla sa'a 6 kafin lokacin. Likita zai bayyana abin da zai yi, da irin tabon da zai rage, mara lafiya kuma yana da haƙƙin yin tambaya har ya gamsu kafin ya sa hannu a takarda.

Aikin Kansa

Idan sankarar ƙarama ce, ba a sa mutum barci. Za a aske gashin da ke kewaye, a wanke wurin, a yi allurar kashe zafi. Mara lafiya yana farke, yana jin motsin hannun likita, amma ba ya jin zafi. Yawanci a ranar yake komawa gida.

Muhimmin abin da ya kamata a fahimta shi ne, likita ba ya yanke abin da ido ke gani kaɗai. Sankara tana da saiwoyi ƙanana da ke shiga cikin fata mai kamar lafiyayya. Manomin da ya sare kan ƙaya ya bar saiwarta a ƙasa, ya san da ruwa ya sauka za ta sake tohowa. Don haka likita yakan zana da'ira a kewayen mikin, ya haɗa da lafiyayyar fata ya yanke. Faɗin wannan gefe ya danganta da irin cutar. Ga ƙaramar sankarar gindin fata akan ɗauki kamar milimita 4. Ga ta saman fata akan ɗauki milimita 4 zuwa 6 in ƙarama ce, in kuwa babba ce sai a kai santimita 1 ko fiye. Ga baƙar sankara wadda ta shiga nama akan ɗauki santimita 1 zuwa 2, gwargwadon zurfinta. Wadda ta fito daga tabon ƙuna kuwa akan ba ta gefe mai faɗi, sau da yawa santimita 2, wani lokaci ma a cire tabon gaba ɗaya. Ta wajen zurfi, akan yanka har a haɗa da hawa na uku, in kuma akwai shakka a haɗa da tantanin ƙashi.

Wannan shi ya sa ramin da aiki ke bari ya fi mikin faɗi. Dangi kada su ɗauka likita ya yi ɓarna. Abin da aka cire duka za a aika ɗakin awo a duba gefensa da ƙasansa. Idan aka tarar ko'ina tsaf, an yi nasara. Idan aka tarar da sauran cutar a wani gefe, sai a koma a ƙara yankewa, kuma hakan ba abin fid da rai ba ne.

Akwai wata hanya da Likita Frederic Mohs na Jami'ar Wiskonsin ta ƙasar Amurka ya ƙago a shekarun 1930. A wannan hanya akan yanke sankarar kaɗan-kaɗan, a duba kowane yanki da madubin likita nan take mara lafiya yana jira, a zana taswirar inda cutar ta rage, a koma daidai wurin a ƙara, har sai an ga ba saura. Amfaninta shi ne ba a asarar lafiyayyar fata da yawa. Sai dai tana bukatar kayan aiki da ma'aikata na musamman waɗanda ba kowane asibiti ke da su ba. Yankewa da gefe mai faɗi tare da awo, in an yi shi da wuri, yana warkar da mafi yawan masu wannan cuta.

Yadda Ake Rufe Wurin

Bayan an cire cutar sai aiki na biyu, watau rufe ramin. Likita yakan zaɓi hanya gwargwadon faɗi da zurfi.

1. Ɗinki kai tsaye. Idan ramin bai wuce kamar santimita 3 ba, yawanci akan saki fatar da ke gefe, a jawo, a ɗinke. Gashi yakan rufe tabon.

2. Barin wurin ya cike da kansa. Wani ramin marar zurfi akan bar shi ana wankewa ana ɗaurewa, sabon nama ya taso ya rufe cikin makonni.

3. Juyo fatar maƙwabta. Akan yanka wani sashe na fatar kai mai gashi, a bar gindinsa a haɗe domin jini ya ci gaba da zuwa, a karkato shi ya rufe ramin. Kyawun wannan hanya shi ne gashi yana ci gaba da fitowa a wurin.

4. Dashen fata. Akan fere siririyar fata daga cinya, a shimfiɗa a kan ramin, a ɗaure tamau na kwana 5 zuwa 7 har ta kama. Cinyar takan warke da kanta cikin sati 2 zuwa 3. Fatar da aka dasa ba ta fitar da gashi, kuma ba ta kamawa a kan tsurar ƙashi. Idan an cire tantanin ƙashi, likita yakan yi ƙananan huji a ɓarin ƙashi na waje, ko ya kankare shi, domin jan nama ya tsiro, sa'an nan a yi dashen.

5. Ɗauko nama daga nesa. Idan ramin ya cinye babban sashe na kai, akan ɗauko tsoka ko fata daga gadon baya ko cinya tare da jijiyoyin jininta, a ɗinke su da jijiyoyin kai ko na wuya ana duba su da madubi. Wannan aiki ne na sa'o'i da yawa, kuma sai a manyan asibitoci.

Wanda aka yi wa dashe ya rasa gashi a wurin, daga baya in an tabbata cutar ba ta dawo ba, ana iya sa masa wata jaka mai kama da balan-balan a ƙarƙashin fata mai gashi, a riƙa ɗura mata ruwa kaɗan-kaɗan na makonni har fatar ta yalwata, sa'an nan a jawo ta a rufe wurin.

Idan Cutar Ta Yi Nisa

Idan sankara ta taɓa ƙashi sama-sama, akan kankare ɓarin waje. Idan ta huda, sai likitan ƙwaƙwalwa ya shigo, a yanke wannan sashe na ƙoƙon kai, a toshe da ragar ƙarfe ta musamman ko wani abu mai kama da siminti da aka yi don ƙashi. Idan ta sauka a kaluluwar wuya ko ta gaban kunne, akan buɗe wurin a kwashe su. Bayan irin wannan aiki akan ƙara da haska wurin da na'ura, abin da jama'a suke kira gashi, domin a kashe ragowar da ido bai gani ba. Wasu kuma akan ba su magunguna ta jijiya. Ko a wannan mataki akwai taimakon da ake yi, ana rage zafi da wari da zubar jini, wasu ma suna warkewa. Amma wahala da kuɗi da haɗari duk sun ninka.

A ɗauki misalin mutum biyu masu irin miki guda. Na farko ya je asibiti mikin bai fi ƙwayar gyaɗa ba. An yi masa allura, an yanke, an ɗinke, ya hau mota ya koma gida, bayan kwana 10 aka cire zare. Na biyu ya yi shekara biyu yana barbaɗa gari yana ɗaurewa da tsumma, sai da mikin ya kai tafin hannu, wari ya hana shi shiga jama'a. Shi sai an kwantar da shi, an nemi jini, an taɓa ƙashi, an yanki cinyarsa, an kuma tura shi wani gari don haskawa. Cutarsu ɗaya ce, lokacin zuwansu ne ya bambanta.

Kulawa Bayan Aiki

Kumburi yakan sauko goshi da fatar ido cikin kwana biyu ko uku na farko. Wannan ba abin tsoro ba ne, yana sacewa. A riƙa kwanciya da kai a sama bisa matashi. Kada a jiƙa ɗaurin, kada a kwance shi a gida sai da umurnin likita. Mai alwala ya tambayi malamai hukuncin shafa a kan ɗauri, domin addini ya yi sauƙi a nan. Akan cire zaren fatar kai bayan kwana 7 zuwa 14. Kada a ɗauki kaya a ka, ko tulu ko itace ko farantin talla, kada kuma a yi kitso mai ɗaurewa ko a sa hula mai matsewa, har sai likita ya ba da izini. A ci abinci mai gina jiki, kamar wake da ƙwai da kifi da nono.

A koma asibiti nan da nan idan jini ya ƙi tsayawa, ko wurin ya kumbura farat ɗaya, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya zo, ko fatar da aka dasa ta yi baƙi.

Warkewar miki ba ita ce ƙarshen zuwa asibiti ba. Sankarar saman fata in za ta dawo, akasari cikin shekara 2 na farko take dawowa. Don haka akan ba da ranar dawowa kowane wata 3 zuwa 6 a farko, daga baya a riƙa tsawaitawa. Wanda ya taɓa yin ta sau ɗaya yana iya yin sabuwa a wani wuri, saboda haka zabiya ya riƙa zuwa a duba fatarsa muddin ransa.

Amsar Wasu Tambayoyi

Shin gaskiya ne ciwon daji ba ya son ƙarfe ko allura? Ba gaskiya ba ne. Wannan magana ta jawo asarar rayuka da yawa. Asalinta shi ne, mutane sukan kai mara lafiya asibiti bayan cutar ta riga ta bazu, in ya rasu bayan aiki sai a ɗora wa wuƙa laifi. Gutsurar nama don awo ba ta watsa sankarar fata. Abin da ke ta da ita shi ne a yanke rabi a bar rabi, kamar yadda ke faruwa in an yi a gida.

Shin ana ɗaukarta? Ba a ɗauka. Cin abinci tare da mai ita, ko wanke masa miki, ba ya sa wa kowa. Ba sammu ba ce, ba kuma jifa ba.

Shin aikin yana taɓa hankali? Aikin da ya tsaya a fata ba ruwansa da ƙwaƙwalwa, ƙashi ne tsakaninsu. Barin cutar shi ne ke kai ta can.

Shin ba magani sai yanka? Kaushin da rana ke sa wa fata kafin ya zama sankara, da wasu da ba su shige saman fata ba, akan ƙone su da wani ruwa mai tsananin sanyi ko a shafa musu man da likita ya rubuta. Tsoho wanda jikinsa ba zai ɗauki aiki ba akan haska masa. Likita ne ke zaɓa bayan awo.

Kira ga Wanzamai da Masu Kitso

Ba wanda ke ganin fatar kan jama'a kamar wanzami da mai aski da mai kitso. Su ne idon mutum a wurin da idonsa ba ya kaiwa. Idan wanzami ya ga miki guda a aski biyu ko uku a jere bai warke ba, ya gaya wa mai shi gaskiya, ya tura shi asibiti. Kada ya tsaga, kada ya yi sakiya, kada ya kafa ƙaho a wurin, kada kuma ya yanke tsiron da aska. Mai kitso ma haka, kada ta karkata tsaga don ta ɓoye wurin ta yi shiru. Kalma guda daga bakinsu tana iya ceton rai.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani. Zabaya da masu sanƙo da masu tabo su riƙa sa malafa mai faɗi wadda ke rufe kunne da ƙeya, domin hular da aka saba ba ta kare waɗannan wurare. Su guji rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma gwargwadon iko, su shafa man kare rana mai lamba 30 ko fiye, ga zabaya ma 50 ta fi, a kuma sake shafawa bayan kowace sa'a 2 in ana waje. Iyaye kada su ɗora wa yaro zabiya talla ko kiwo da tsakar rana, malaman makaranta kuma su bar shi ya sa malafarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara, tun daga 2015, don wayar da kai game da zabaya. A kewaye murhu saboda yara da masu farfaɗiya. Ƙuna mai zurfi a kai ta asibiti a yi mata dashen fata tun da wuri, domin ƙunar da ta daɗe ba ta rufe ba ita ce ke barin mugun tabo.

Ina Za a Je?

A fara da asibiti mafi kusa. Idan an sha magani an yi wanki na sati 4 mikin bai rufe ba, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti. Asibitocin koyarwa, kamar na Ibadan da Legas da Inugu da Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos, da Asibitin Ƙasa na Abuja, suna da likitocin tiyata da ɗakunan awon nama. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga mazauna Nijeriya, saboda haka yana da kyau kowa ya yi rajista tun yana lafiya. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin jin daɗin jama'a na asibitin ya bayyana halinsa.

Kammalawa

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kowane magidanci ya sa a duba masa kansa ranar aski, kowace uwa ta duba kan 'ya'yanta da na tsofaffin gida. Mikin da ya yi sati 4 bai warke ba, ko tabon da ya tsage, a cire hula a nuna wa likita. Wanda ya karanta wannan littafi ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.